Dokar biyan bashin kati: ina kuɗin da kake biya suke zuwa?

Duk wanda ya taɓa riƙe katin bashi ya san ɗan adadin nan da banki ke rubutawa a takardar ƙarshen wata, wato mafi ƙarancin abin da za ka biya. Da yawa suna ɗaukarsa a matsayin kuɗin wata, su biya su kwanta da kwanciyar hankali. Amfaninsa ɗaya ne: ya kare ka daga tara da ɓacin suna a wurin masu ba da rance. Ba a tsara shi don ya fitar da kai daga bashi ba.

Mu yi lissafi. A ce ana bin ka 1,000, kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, wato kashi 2 a wata. Banki ya ce ka biya ruwan watan da kashi 1 na uwar kuɗi. Ka miƙa 30: ruwa ya cinye 20, bashi ya ragu da 10 kacal. Wata mai zuwa adadin zai ɗan sauka, sai ka ga kamar sauƙi ne ya zo, alhali wa'adin ne ke ƙara tsawo. Bayan shekara 3 kana biya ba fashi, kusan 700 na nan a wuyanka. Da ka tsaya a kan 40 duk wata ba ka rage ba, cikin waɗannan shekaru 3 ka gama.

Wannan giɓi na cikin abin da dokar katin bashi ta Amurka, wadda Barack Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009, ta zo ta tona. Ta wajabta wa banki ya rubuta a takardar wata tsawon lokacin da za ka ɗauka in ƙaramin adadin kawai kake biya, da abin da za ka riƙa biya don ka gama cikin wata 36. A Birtaniya kuma, tun 2018, idan wata 18 suka wuce ruwa da caji da ka biya sun fi abin da ka rage na uwar kuɗi, dole kamfanin da ya ba ka katin ya tuntuɓe ka.

Sashen da na fi so mutane su riƙe a dokar ta Amurka shi ne na rabon biya. Kati ɗaya yakan ɗauki bashi iri-iri: na sayayya da ruwansa, na cirar tsabar kuɗi da ruwan da yawanci ya fi tsada. Dokar ta ce duk abin da ka ɗora a kan ƙaramin adadin, a fara zuba shi a kan bashin da ya fi ruwa. Amma ƙaramin adadin kansa, banki na da damar kai shi inda ruwa ya fi araha. Ka ga ke nan mai biyan ƙaramin adadi kaɗai zai iya shafe shekara bai taɓa bashinsa mafi tsada ba. Abin na ci mini rai, domin masu ƙaramin ƙarfi ya fi kamawa.

Dabarar kuwa daga nan ta fito. In bashinka ya fi ɗaya, ka biya ƙaramin adadi a kan kowanne don kada tara ta hau, sauran abin da ke hannunka ka tattara shi kan mai ruwa mafi tsada. Ya ƙare, ka juya kuɗinsa kan na biye. Wasu sun fi son fara kashe ƙaramin bashi don su ga an rufe ɗaya, su sami ƙwarin gwiwa. Ban ga laifinsu ba, amma ruwan da za su biya yakan fi yawa.

Rance mai wa'adi kuwa, wato wanda ba na kati ba, wanda ake biya kashi-kashi zuwa lokacin da aka tsayar, takardar yarjejeniya ce alƙali. Kafin ka biya shi da wuri, duba ko akwai tarar biya kafin lokaci, sannan ka nemi a rubuce cewa ƙarin da ka bayar uwar kuɗi zai rage, ba a ajiye shi a matsayin biyan wata mai zuwa ba.