Waiwaye: Yadda mita da kilo suka zama ma'aunin kowa

Satin da ya wuce na sayi shinkafa tiya biyu, mai awon ya cika min kwano har da tozo, amma da aka sake aunawa a gida sai ga shi ta kasa sosai, ashe an bubbuga gindin kwanon nasa ne ya shige ciki. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don wanda kuɗinsa na tiya ɗaya ne kacal shi ake cuta a irin wannan.

To wannan rigimar ta awo tsohuwa ce. A Faransa kafin juyin juya halin 1789 kusan kowane gari da nashi ma'aunin, sunan ɗaya amma girman daban, talaka ne ke kwana a ciki wajen haraji da sayen hatsi. Shi ne masanansu suka ce a nemo awon da ba a ɗauko shi daga ƙafar sarki ko hannun wani ba, a ɗauko shi daga duniyar kanta. Suka ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, in an bi ta Paris. A 1792 aka tura mutum biyu, Delambre da Mechain, su auna daga Dunkirk a arewacin Faransa zuwa Basalona a Sifen, aikin da ya ci su har 1798, ga yaƙi ana yi, har Mechain ya maƙale a Sifen ya kasa komawa gida. A 1799 aka ƙera sandar mita da ƙarfen filatinum, shi kuma kilo aka ce nauyin ruwa lita ɗaya ne.

Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin awo na duniya a Sevres kusa da Paris. Nan ne abin ya fi burge ni. Daga 1889 kilo na duk duniya wani ɗan curin ƙarfe ne guda ɗaya, filatinum da iridiyam, tsayinsa milimita 39 faɗinsa ma haka, an kife shi da gilasai uku an kulle a ɗakin ajiya, ƙasashe kuma aka rarraba musu kwafinsa. Wato sikelin mahauci in dai na gaskiya ne, a wancan lokacin asalinsa can yake komawa. Da shekaru suka ja sai aka lura shi da kwafinsa sun fara saɓawa da wajen maikirogiram 50, abin da bai kai ƙwayar gero ba ko kusa, amma masana suka ce ba za ta saɓu ba. A Nuwamba 2018 ƙasashen yarjejeniyar suka kaɗa ƙuri'a a Versailles kusa da Paris, daga 20 ga Mayu 2019 aka ɗaure kilo da wani adadi na kimiyya da ba ya canzawa mai suna adadin Planck. Ita mita tun 1983 aka mayar da ita kan gudun haske, nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa.

Mu kuma a nan abin ya zo mana kashi-kashi. Nijar ta gaji mita da kilo daga Faransa, Najeriya ta gaji yadi da mil da galan daga Ingila, sai a shekarun 1970 aka koma tsarin mita, da dokar awo ta 1974. Amma har yau je wajen tela yadi zai ce maka, mai bulo inci shida ko inci tara, dillalin fili ƙafa hamsin da ɗari, gidan mai kuma lita. Wannan duk da sauƙi tunda yadi an san tsayinsa, santimita 91.44 ne a ko'ina. Damuwata tiya da mudu, inda abincin talaka yake, don mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba, kuma mai saye ba shi da abin da zai gwada da shi a tsaye a gaban mai awo sai idonsa.