Nutson Shaƙatawa da Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Nutson shaƙatawa shi ne mutum ya goya tukunyar iska ya sauka ƙarƙashin teku, ba don su ko ceto ko gyaran jirgi ba, sai don kallo da nishaɗi. Da yawa daga masu yin sa da kyamara suke sauka. Bahar Maliya, wadda ta ratsa tsakanin Afirka da yankin Larabawa a tsawon da ya haura kilomita 2,000, tana cikin tekunan da aka fi zuwa domin wannan. Babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, ruwan sama kuma bai taka kara ya karya ba, saboda haka laka ba ta gurɓata ta, mai nutso kan hangi abu daga mita 20 zuwa 30. Gishirinta ya kai gram 40 a kowace lita, alhali na sauran tekuna bai cika wuce 35 ba. Wannan ya sa ruwanta ke ɗaga mutum sama, sai ya ƙara dalma a ɗamararsa kafin ya nutse.

Murjani ne ke jan mutane. A ido kamar dutse yake ko reshen itace, amma ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa. A cikin jikinsu akwai ƙwayoyin gansakuka masu samar musu da abinci daga hasken rana, shi ya sa murjani ya fi yawa a inda ba zurfi, daidai inda mai nutso zai iya kaiwa. Nau'in kifin da ke wannan teku ya haura 1,000, kuma fiye da ɗaya cikin goma ba a samun su a ko'ina sai nan.

Tarihi

Louis Boutan, Bafaranshe masanin halittu, ya fara ɗaukar hoto a cikin ruwa a 1893 a Banyuls-sur-Mer, da kyamarar da ya rufe a akwatin ƙarfe. Hoto mai launi ya zo a 1926, lokacin da William Longley da Charles Martin suka ɗauki wani kifi a tsibiran Dry Tortugas na Amurka. Sai da suka kunna garin magniziyam a kan wani dandamali a saman ruwa kafin hasken ya isa ƙasa. A 1943 Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mai nutso iska daidai lokacin da ya ja numfashi, aka huta da dogon bututun da ke ɗaure mutum da jirgi.

Hans Hass, ɗan ƙasar Ostiriya, ya sauka Fot Sudan a 1949, hotunansa na manyan kifaye suka sa Turawa suka fara maganar Bahar Maliya. A 1963 Cousteau ya kafa wani ɗan ƙauye a zurfin mita 10 a Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, mutanensa suka yi wata guda suna kwana suna tashi a ciki. Rumfar da suke ajiye ƙaramin jirginsu na ƙarƙashin ruwa tana nan har yau, murjani ya lulluɓe ta. A shekarar ce kuma kamfanin Nikon ya fitar da Nikonos, kyamarar da ake shiga ruwa da ita ba tare da akwati ba. Kasuwar nutson shaƙatawa kanta ta buɗe ne bayan yankin Sinai ya koma hannun Masar a 1982, sai garuruwan Sharm el-Sheikh da Hurghada da Dahab suka cika da otal-otal da makarantun nutso.

Jiki da matsin ruwa

Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin zalla ba ne kamar yadda wasu ke zato. Iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, an matse ta har "bar" 200 a tukunya mai cin lita 12 ("bar" ma'aunin matsi ne, ɗaya ya kusan daidai da matsin iska a saman ruwa). Kowace mita 10 da mutum ya sauka, matsi na ƙaruwa da "bar" ɗaya. A mita 30 ya ninka na sama sau huɗu, iskar kuma na ƙarewa da saurin haka. Kunne ne ke fara sanar da mutum: yana toshe hanci ya hura a hankali tun kafin zafi ya zo.

Ƙa'idar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya riƙe numfashi, domin iskar da ke huhu tana kumbura yayin hawowa, tana iya fasa shi. Ta biyu ta shafi naitirojin, sinadarin da ke cikin iskar da ake shaƙa, wanda ke narkewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan aka hawo da gaggawa, sai ya yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka buɗe farat ɗaya, ya jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Don haka ake hawowa sannu, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi awa 12 zuwa 18 da fitowa. A lissafin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso wadda aka kafa a 1966, mai nutso na da minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Takardar shaidar farko ta tsaya a mita 18, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya kuma mita 40 ce. Ba a sauka sai da aboki, magana kuwa da hannu ake yi. Ɗaga babban yatsa a can ba yabo ba ne, cewa ake a hau sama.

Haske da kyamara

Ruwa yana shanye launi ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara ɓacewa, tun wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, har komai ya koma shuɗi. Murjani mai laushi da ake gani toka-toka a mita 20, da an haska shi da fitila sai ga shi ja wur. Kuma tazarar da ke tsakanin kyamara da abin ɗauka ita ma tana cin launi kamar yadda zurfi ke ci, shi ya sa ko fitilar filasha mai ƙarfi ba ta amfani bayan mita ɗaya zuwa biyu. Maganin dai a matsa kusa. Gilashin da ke jawo abu daga nesa, wanda masu hoton namun daji ke ji da shi, ba shi da aiki a nan. Iri biyu ake amfani da su: mai faɗin gani, domin bangon murjani ko jirgin da ya nutse, da na ƙananan abubuwa, domin jatan lande ko idon kifi.

Idan filasha tana dab da gilashin kyamara, haskenta na dukan ƙurar da ke yawo a ruwa ya dawo, hoto ya fito da fararen ɗigo-ɗigo. Don haka ake ɗora fitilun a kan dogayen hannuwa, hagu da dama. Akwatin kyamara kuwa da zoben roba yake rufuwa, ana shafa masa man silikon kafin a sauka. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben ya isa ruwan gishiri ya shiga ya kashe kayan kuɗi masu yawa.

Duk da haka ba kaya ne ke raba gwani da ɗan koyo ba. Gwani shi ne wanda zai tsaya cak a tsakiyar ruwa, da numfashinsa kaɗai yake ɗan hawa ko sauka, ba ya dafa komai. Wanda ya ɗauki kyamara kafin ya iya wannan, idonsa na kan allo, ƙafarsa na karya murjanin da ya yi shekaru yana girma, kuma shi ne kan manta duba ma'aunin iskarsa.

Wuraren da aka fi sani

Ras Muhammad, a ƙarshen kudancin Sinai, ya zama gandun da aka keɓe a 1983. Bangon murjaninsa ya sauka ɗaruruwan mitoci, a gefensa kuma akwai kayan jirgin Yolanda da ya nutse a 1980, tarin kwanukan ban-ɗaki da kowane mai kyamara sai ya ɗauka. Thistlegorm, jirgin dakon kaya na Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar ranar 6 ga Oktoba 1941, yana kwance a zurfin mita 30, da babura da motocin soja jere a cikinsa. Ramin Blue Hole na Dahab ya haura mita 100. Yana da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke fita zuwa buɗaɗɗen teku, ta wuce iyakar nutson shaƙatawa, kuma mutane da yawa sun mutu a ƙoƙarin ratsa ta da tukunya ɗaya.

Yawan jirage ya yi wa murjanin Masar ɓarna, musamman ta anga da ake jefawa a kansa. Ƙungiyar HEPCA, wadda aka kafa a Hurghada a 1992, ta kakkafa turakun ɗaure jirgi a cikin ruwa domin a daina jifan.

Gaɓar Sudan, wadda alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suke tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, ba ta taɓa samun cunkoso irin na Masar ba, murjaninta ya fi lafiya. Can ne jirgin Umbria na Italiya yake, wanda matuƙinsa ya nutsar da gangan a watan Yunin 1940 kada Birtaniya ta ƙwace bama-baman da ke ciki. UNESCO ta sa tsibirin murjani na Sanganeb da mashigin Dungonab cikin wuraren gadon duniya a 2016. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya kusan tsayar da zuwan masu nutso wannan ɓangaren.