Idan Na'ura Ta Haɗa Talla, Wa Doka Za Ta Kama?

A wani ɗan ofishin haɗa talla da ke Birnin Kebbi na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa ya kawo aiki, yana son a tallata masa sabon buhu mai kilo 25 kafin azumi. Ya miƙo wani littafi da ya sha hannu, cike da sunayen dillalai da lambobin wayarsu, daga Jega zuwa Kamba har Yawuri, wasu ma an rubuta bashin da ake bin su a gefen suna. Yaron da ke kan kwamfuta ya ɗauki hoton shafukan, ya loda su cikin ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai rubutu da amsa tambaya, ya ce ta ware masa manyan masu saye, ta kuma rubuta wa kowa saƙon WhatsApp da sunansa. Kafin Alhaji ya shanye ruwan da aka kawo masa, aiki ya kammala.

"Kai yaro, wanga abu ko aljani!" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ai yanzu haka duniya take tafiya."

Babu wanda ya yi nufin cuta a ɗakin nan. Amma cikin 'yan mintuna an taka sassan doka har uku ba tare da kowa ya lura ba.

Da yawa daga masu wannan sana'a suna ganin tunda ƙirƙirarriyar basira sabon abu ce, to fili ne da ba shi da shinge. Gaskiya ne cewa daftarin tsarin ƙasa kan wannan fasaha, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fitar a watan Agustan 2024, taswira ce ta inda ake son zuwa, ba ya ɗaure kowa, ba ya cin tarar kowa. Sai dai dokokin da ke ƙasa tuntuni ba su tambaya ko hannu ne ya yi aikin ko na'ura. Abin da suke tambaya shi ne wa ya sa aka yi, wa kuma ya fitar.

Wadda ta fi shafar littafin Alhaji ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin wannan shekara, ita ce kuma ta kafa NDPC, hukumar kare bayanan jama'a. A idon wannan doka, suna da lambar waya da bashin da ake bin mutum duk bayanansa ne na kansa. Alhaji shi ne mai iko da bayanan, domin shi ya tattara su, shi kuma ke cewa ga abin da za a yi da su. Kamfanin talla mai sarrafawa ne a madadinsa. Sashe na 29 ya ce dole a sami rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu, kuma idan mai sarrafawa zai shigo da wani mai sarrafawa na daban, sai ya sanar da mai ikon. To manhajar da yaron ya loda wa hotunan nan ba aljani ba ce, kamfani ne da ke Amurka. Wato an shigo da na uku cikin ciniki, kuma Alhaji bai san haka abin yake nufi ba.

Na biyu, bayanan sun ƙetare iyaka. Sashe na 41 zuwa 43 sun gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa: ko dai a tabbatar za su sami isasshiyar kariya a can, ko a dogara da ɗaya daga dalilan da dokar ta lissafa, kamar amincewar mai bayanin. A manhajojin kyauta irin wannan, abin da ka rubuta yana iya shiga cikin abin da ake horar da na'urar da shi, sai in ka shiga saiti ka kashe da kanka. Bashin da ake bin wani dillali a Jega, wanda ko matarsa ba ta sani ba, ya tafi inda ba mai iya cewa a dawo da shi.

Na uku shi ne manufa. Dillalin ya ba da lambarsa ne don a kira shi idan mota ta taso da kaya. Sashe na 24 ya ce bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a juya shi zuwa wata da ta saɓa mata. Sashe na 26 kuma ya fito fili cewa shiru ba yarda ba ne. A nan fa doka ta rabu da abin da muka saba ji a gida. Sannan ko mutum ya yarda tun farko, sashe na 36 ya ba shi damar cewa a daina turo masa talla duk lokacin da ya so, kuma da ya faɗa, magana ta ƙare. Idan bayanan sun shafi lafiya ko addini ko ƙabila ko ra'ayin siyasa, sharuɗɗan sun fi haka tsauri. Masu yi wa ɗakunan shan magani da 'yan takara talla su riƙe wannan da kyau.

Tarar ba ta wasa ba ce. Ga ƙananan masu riƙe bayanai, tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuwa, miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara kotu ya nemi diyya da kansa. Kuma mai kamfani ba zai tsira da cewa yaronsa ne ya yi ba, domin dokar ta ɗora wa uban gida alhakin abin da ma'aikacinsa ya aikata a bakin aiki. Idan bayanai suka tsiyaye ta yadda za a iya cutar da masu su, awa 72 aka bai wa mai ikon ya sanar da hukuma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran bai da wuya. Da yaron ya cire sunaye da lambobi, ya bar garuruwa da yawan buhuna kawai, da na'urar ta yi masa lissafin nan daidai. Saƙon kuma a rubuta samfuri ɗaya, a cike sunaye a kwamfutar ofis.

Sai batun abin da tallan kansa ke faɗa. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta haramta duk wani bayani na ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya, kuma kamfanin da aka kama ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekara. Wannan hukuma ce ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024. Na'ura kuwa ba ta san kunyar ƙarya ba. Ka ce ta yabi shinkafa, sai ta rubuta cewa ba tsakuwa ko ɗaya, ta ƙara da cewa tana rage sukari a jini. Ta zana maka hoton ƙwaya fara tas mai tsawo, wadda injin Alhaji bai taɓa fitarwa ba. Ta ƙirƙiro wata Hajiya a Argungu da ke rantsuwa ba ta cin wata shinkafa sai wannan. Hajiyar nan babu ita a duniya, saboda haka shaidar zur ce, ko da an yi mata lulluɓi mai kyau. In kuwa kayan abinci ne na kamfani ko magani, har na gargajiya, tallansu na buƙatar amincewar NAFDAC.

Wani abu da ƙananan kamfanoni ke tsallakewa: dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da harkar talla wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON, ta ce talla ya bi ta kwamitin tantancewa kafin a fitar da shi, na intanet ma ya shiga ciki, kuma akwai kotu ta musamman kan laifukan talla. Na'ura na iya fitar da talla ashirin kafin la'asar, amma saurinta bai ɗauke wannan wajibi ba.

Kwaikwayon murya ya fi duka muni a wurinmu, inda muryar malami ko basarake ko fitaccen mawaƙi ke sayar da kaya fiye da kowane allo. Da ɗan guntun sautin mutum ake sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Muryarsa da fuskarsa bayanansa ne, kuma sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi hukunci kan sojan gona da niyyar zamba. Duk mai kayan da ya zo da wannan buƙata, ko nawa zai biya, a sallame shi cikin mutunci.

Akwai kuma haƙƙin mallaka. Dokar 2022 tana kare aikin da aka zuba wa ƙoƙari har ya sami kamanninsa na kansa. A ganina, tambarin da na'ura ta tofo da layi ɗaya na umarni ƙafarsa ba ta da ƙarfi in aka je gaban alƙali, kuma yana iya kama da na wani. Shi ya sa ya dace a gaya wa mai kaya tun farko inda na'ura ta sa hannu, musamman in zai buga tambarin a buhu dubu.

Yarjejeniyar da sashe na 29 ke nema ba sai ta cika shafi goma ba. A rubuta wace manhaja za a yi aiki da ita, wane bayani ne ba zai shiga cikinta ba, wa zai karanta tallan ya tabbatar da kowace magana kafin ta fita, da ranar da za a goge bayanan kwastomomi bayan aiki. Mai karantawar nan kuma ya zama mai jin Hausa sosai. A saƙon da aka rubuta wa dillalan Alhaji, na'urar ta zubar da lanƙwasar haruffa, ta yi wa manyan baƙi maraba da "manyan baki".