Philip Toosey

Philip John Denton Toosey (12 ga Agusta 1904 – 22 ga Disamba 1975) hafsan sojan Birtaniya ne kuma ma'aikacin banki. An fi saninsa da shugabancin fursunonin yaƙi a sansanin Tamarkan da ke ƙasar Tailan, inda sojojin Japan suka tilasta musu gina gada a kan kogin da ake kira Kwai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Tasowarsa

An haife shi a Oxton, cikin garin Birkenhead, daura da birnin Liverpool. Bayan ya gama karatu a makarantar Gresham's, sai ya shiga kamfanin cinikin auduga na wani ɗan'uwansu. Kamfanin ya karye a 1929, daga nan ya koma bankin Baring Brothers. Tun 1927 ya riga ya shiga rundunar sojojin wucin gadi, wato ma'aikata farar hula da ke zuwa atisaye a lokutan hutunsu, a sashen manyan bindigogi. Maigidansa a banki, Alan Tod, shi ne kuma kwamandansa a soja. Ya yi aure a 1932, suka haifi 'ya'ya uku.

Fagen daga

Ya yi yaƙi a Beljiyam a 1940, yana cikin sojojin da aka kwaso daga gaɓar Dunkirk ta ƙasar Faransa. A 1941 aka ba shi muƙamin Laftanar Kanar da jagorancin runduna ta 135 ta manyan bindigogi, aka tura su Singafo. Da aka ga birnin zai faɗi, manyansa suka umarce shi ya bi jirgin masu ficewa, don ana buƙatar irinsa a wani fagen. Ya ƙi, ya ce ba zai bar yaransa ba. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta miƙa wuya, aka kama shi tare da su. Daga baya an ba shi lambar jarumta ta DSO saboda rawar da ya taka a wannan yaƙi.

Sansanin Tamarkan

Japan na son layin dogo mai tsawon kilomita 415 daga Tailan zuwa Boma, don kai wa sojojinta abinci da makamai. Wannan ita ce Boman da sojojin Afirka ta Yamma, har da Hausawa da yawa, suka je suka gwabza da Japanawa. Fursunonin yaƙi kimanin 60,000 ne suka yi aikin layin, sama da 12,000 suka mutu. Leburorin Asiya da aka tilasta wa aikin kuwa, mutuwarsu ta ninka haka sau da yawa, kuma su ne tarihi ya fi mantawa da su.

A ƙarshen 1942 aka kai Toosey Tamarkan, kusa da garin Kanchanaburi, ya zama babba a kan fursunoni wajen 2,000, Turawan Ingila da na Holan. Abin da ya fara ganewa shi ne, gadar nan sai an gina ta, ko sun so ko sun ƙi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne yawan waɗanda za su rayu. Don haka ya amince a yi aikin, amma ya yi ta ciniki da Japanawa kan abinci, da ranar hutu, da barin hafsoshinsa su riƙa kula da mutanensu a wurin aiki maimakon masu gadi.

A cikin sansanin ya tsaya kai da fata kan tsafta. Ya hana ajiye gemu saboda kwarkwata, ya sa ido kan shaddodi da wurin girki, domin atuni da kwalara sun fi duka kisa. Ya soke bambancin da aka saba yi wa hafsoshi, suka kwana a bukkoki irin na kowa, suka ci shinkafar da kowa ke ci. Idan mai gadi ya doki fursuna, shi da kansa yake zuwa ya kai ƙara, sau da yawa kuma dukan a kansa yake ƙarewa. Lokacin da wasu suka gudu, ya rufe maganar har aka gano, aka tsayar da shi cikin rana na sa'o'i masu yawa. A ɓoye kuma fursunonin na tara gara suna zuba wa gadar katako, suna lalata kwaɓin siminti.

An gama gadar katako da ta ƙarfe a 1943. Mutum tara kawai suka rasu a sansanin a tsawon aikin, adadin da ya isa shaida a kan shugabancinsa idan aka duba abin da ya faru a sauran sansanoni. Daga nan Tamarkan ta zama asibitin waɗanda ake dawowa da su daga daji, jikinsu duk gyambo, sun zama ƙashi da rai. Wani ɗan kasuwar Kanchanaburi, Boonpong Sirivejjabhandu, ya riƙa shigo musu da magani da kuɗi a asirce, alhali ya san ransa ne a kai. A Disamba 1943 aka mayar da Toosey sansanin Nong Pladuk. Yana sansanin Nakhon Nayok lokacin da Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, nauyinsa ya sauko daga kilo 79 zuwa 48. Da aka zo tantance masu laifin yaƙi, ya ba da shaidar alheri a kan Saje Manjo Saito, wanda ya ce ya fi sauran masu gadi adalci, Saito bai fuskanci shari'a ba.

Bayan yaƙi

Ya koma bankin Baring a Liverpool, ya kuma ci gaba da aikin soja na wucin gadi har ya kai Birgediya, ya ajiye kaki a 1954. An ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1955. Ya shugabanci ƙungiyar tsofaffin fursunonin Gabas Mai Nisa, da kuma Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, inda ake duba abokan zamansa da suka dawo da cututtukan da likitocin Ingila ba su saba gani ba.

Fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957 ya nuna wani kanar da ya ɗauki gadar abin alfahari har ya taimaki abokan gaba. Mutane da dama sun ɗauka Toosey ake nufi, abin da ya baƙanta ran waɗanda suka zauna da shi, suka matsa masa har ya fito ya yi bayani a jarida. An naɗa shi Sir a 1974, ya rasu shekara guda bayan haka yana da shekara 71.