Buzuzu ba ƙazanta yake yaɗawa ba

Tun muna yara a Tahoua muke jin manya na cewa buzuzu ƙazami ne mai kawo cuta, a taka shi kawai. Ba laifinsu ba ne, wanda ya gan shi yana mirgina kashi da ƙafafun baya zai ce haka.

Amma kwashe ƙazantar yake yi. Kuma ba iri ɗaya ba ne: wani ya dunƙula kashin shanu ya tafi da shi, wani ya haƙa rami a ƙarƙashinsa ya binne, wani ya zauna ciki. Kashin da aka binne taki ne ga ciyawa, ramukan na shigar da ruwan sama, ƙudaje da tsutsar cikin dabbobi kuma su rasa wurin hayayyafa. A Ostareliya buzuzun ƙasar bai saba da kashin shanu ba, har sai da aka kai wasu daga Afirka tun shekarun 1960.

Ku gwada da damina. Ku rufe ɗanyen kashi ɗaya da tsohon gidan sauro, ku bar wani a buɗe. Bayan kwana uku ku ɗaga buɗaɗɗen da sanda, ku duba ramuka da sabuwar ƙasa a ƙarƙashinsa, sannan ku kwatanta da wanda kuka rufe, wanda buzuzu bai samu shiga ba.

Don Allah ku tura wa makiyaya da manoma.