Lokacin cajin kwayil a kwamfutar injin mota

Lokacin cajin kwayil, wanda masu saitin inji ke kira duwel, shi ne ɗan lokacin da kwamfutar mota ke barin wuta ta bi ta cikin kwayil kafin ta katse ta fulogi ya yi tartsatsi. A wannan tsakanin ne kwayil ke tara ƙarfin maganaɗisu, da zarar an katse sai wutar batir mai bolt 12 ta koma dubban bolt, har ta wuce 20,000, ta tsallaka bakin fulogi ta kunna mai. Da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, kuma yawancin kwayil na zamani tsakanin 2 da 4 suke buƙata in inji na tashe.

Asalin tsarin na Charles Kettering ne na kamfanin Delco a Amurka, wajen 1910. A motocin da, irin tsohuwar Fijo 504 mai kontak, wato makunnin ƙarfe mai buɗewa da rufewa, tazarar bakin kontak a cikin distirbuto ce ke yanke wannan lokaci kuma da digiri ake lissafinsa, to matsalar ita ce duk sanda inji ya ƙara gudu lokacin cajin raguwa yake yi. Yanzu tiransisto, wato ɗan makunnin lantarki, shi ke kunnawa da kashewa, lambar kuma tana cikin tebur, wato jadawalin lambobi, a kwamfuta, musamman irin su MegaSquirt, Speeduino, Haltech da Link da ake iya saitawa da laptof.

In lambar ta yi kaɗan kwayil ba ya cika, tartsatsi sai ya yi rauni, kuma abin haushin shi ne a tsaye mota lafiya lau take, sai an taka totur a hawa ko tabo, na'urar cusa wa inji ƙarin iska, ya fara turo iska sannan ta fara misin, saboda yawan matsi a silinda yana sa tartsatsi wahalar tsallakawa. In kuma ta yi yawa, nan ne asara, don kwayil in ya ƙoshi ya ƙoshi, duk abin da aka ƙara zafi kawai yake zama, ya ƙona kwayil ɗin ko tiransiston da ke cikin kwamfuta. Wasu kwayil masu tiransisto a jikinsu, kamar wasu na injin LS na General Motors, da kansu suke sakin tartsatsi in cajin ya wuce kima, wato wuta ta tashi kafin lokacinta, wannan kuwa har fistin yana iya ci.

Ba lamba ɗaya ake sawa a tashi ba. Sai an haɗa da teburin batir, domin a bolt 14 da janareton mota ke bayarwa kwayil nan da nan yake cika, amma lokacin tayar da mota kik na jan wuta batir ya sauka zuwa wajen 10, dole a tsawaita cajin, in ba haka ba mota ta ƙi tashi da safe a yi ta zargin fulogi.

Gudun inji ma yana da iyakarsa. A juyi 6,000 a minti, juyi ɗaya milisakan 10 ne. Inji mai silinda 4 da kwayil ɗaya tak yana da milisakan 5 tsakanin tartsatsi da tartsatsi, mai silinda 8 kuwa biyu da rabi kacal, a ciki za a yi cajin a yi tartsatsin. Shi ya sa aka koma ba kowane fulogi kwayil nasa, shi milisakan 20 gare shi.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a fara da lambar masu ƙera kwayil ɗin, sannan a maƙala matsen awon wuta a wayarsa a duba a allon osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta, za a ga layi na hawa a karkace, inda ya daina hawa ya kwanta to nan kwayil ya ƙoshi, sai a tsaya ƙasa da wurin kaɗan. Gwaji da taɓa kwayil da hannu a ji zafi, gaskiya wannan canki-canka ne. Kafin duk wannan kuma a tabbatar siginar kunnawa ba a juye take ba, don in aka juya ta kwayil yini zai yi a kunne maimakon a kashe, cikin ƴan mintuna ya narke.