Sakin Sabuwar Siga ta Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe

Sakin siga shi ne matakin da masu kula da manhaja suke tsayar da aikinsu a wata gaɓa, su ba shi lamba, su ƙunshe shi, sannan su miƙa wa jama'a. A manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda lasisinta ya ba kowa damar karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba, ana yin wannan aiki a bainar jama'a. Abin da aka saki kuwa ba ya dawowa. Ma'aikaciyar lafiya da ke cike fom da ODK Collect a asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a Ringim, ko jami'in da ke shigar da alƙaluma a DHIS2 a Rano, ba ruwansu da abin da ake rubutawa kullum a ma'ajiyar manhajar. Sigar da ta iso hannunsu ita ce manhajar a wurinsu.

Lambar siga

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne SemVer, wanda Tom Preston-Werner ya rubuta. Lamba uku ce, kamar 1.4.2. Ana ƙara ta ƙarshe idan kuskure kawai aka gyara, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da an taɓa tsohon ba, ta farko kuwa sai an yi sauyin da zai hana tsohon aiki tafiya yadda aka saba. Idan an ƙara ta tsakiya, ta ƙarshe tana komawa sifili, shi ya sa 1.4.2 ke zama 1.5.0. Wasu suna bin kalanda. Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tana fita a Afrilu da Oktoba, don haka 24.04 na nufin Afrilun 2024. Python, harshen rubuta manhaja, kuma tana fitar da babbar siga duk Oktoba.

A Android lambobi biyu ne: versionName da mutum ke gani, da versionCode wadda waya ke dubawa. Wajibi ne ta biyun ta haura ta baya, in ba haka ba wayar ba za ta ɗauki abin a matsayin sabuntawa ba.

Rufe ƙofa da gwaji

Kafin ranar saki ana daina karɓar sababbin abubuwa, sai gyaran kuskure kaɗai. A Linux, ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, jagoran aikin Linus Torvalds yana buɗe ƙofa mako biyu, sannan ya rufe, a riƙa fitar da sigar gwaji duk mako, daga rc1 zuwa rc7 galibi. Jimlar zagayen mako tara ne zuwa goma. Ƙaramin aiki bai buƙatar wannan tsayin, amma tsallake sigar gwaji gaba ɗaya ganganci ne, domin kwamfutar wanda ya rubuta manhaja ita ce wuri na ƙarshe da kuskure zai bayyana.

Gwajin da na'ura ke yi da kanta yana kama abubuwa da yawa, amma na'urar tana da wuta da intanet mai ƙarfi. Manhajar da za a yi aiki da ita a karkarar Gumel ko Birnin Kudu sai an gwada ta a kan tsohuwar waya mai ƙaramar ma'ajiya, a kashe data ana tsakiyar tura fom, a ga ko abin da aka cike yana nan. A kuma ɗora sabuwar sigar a kan tsohuwa mai ɗauke da bayanai. Yawancin ɓarna a nan take faruwa, wurin sauya tsarin rumbun bayanai, ba a wayar da aka sa mata manhajar a karon farko ba.

Akwai kuma rufe ƙofar kalmomi. Ana daina sauya rubutun da ke fitowa a fuskar manhaja don masu fassara su kammala, domin ko waƙafi ɗaya aka sauya a jimlar asali, gettext, kayan aikin da ke haɗa kowace jimla da fassararta, ba zai ƙara gane fassararta ba, sai jimlar ta fito da Turanci a tsakiyar Hausa. A duba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ da ido. Fayil ɗin da ba a adana shi a tsarin UTF-8 ba yakan mayar da su alamar tambaya, wasu tsofaffin wayoyi kuma sukan nuna ɗan akwati a madadinsu.

Ranar saki

Ana fara sabunta lambar siga a duk fayilolin da take ciki, a kammala takardar sauye-sauye, wadda aka saba sa wa suna CHANGELOG. Ga mai amfani ake rubuta ta: abin da ya ƙaru, abin da aka gyara, sannan a saman komai abin da zai iya lalata masa aiki da yadda zai kauce. Daga nan a buga tambari, wato alamar gaɓar da aka saki, a Git, manhajar da ke adana tarihin rubutun, da umarnin git tag -s v1.5.0, a tura shi da git push origin v1.5.0. Mutane da yawa sukan manta cewa git push kaɗai ba ya tura tambari.

Ana gina ƙunshin daga wannan tambarin a wuri mai tsabta, ba daga kwamfutar da ke cike da ragowar gwaje-gwaje ba. A fitar da lambar tantancewa ta SHA-256, mai haruffa da lambobi 64, wadda ke nuna ko an taɓa fayil ɗin, a sa hannu da GPG, manhajar sa hannu ta na'ura, a tabbatar takardar lasisi tana ciki. Dalilin wannan tsauri ya fito fili a Maris 2024, lokacin da wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a sigogi 5.6.0 da 5.6.1 na xz, wata manhajar matse fayil. Ɓangaren da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da aka saki, ba ya cikin ma'ajiyar Git da jama'a ke karantawa. Saboda haka yana da kyau wani mutum na biyu ya sake gina ƙunshin da kansa ya kwatanta.

Mabuɗin sa hannu na Android ya cancanci a adana shi a wuri biyu. Idan ya ɓata aka sa hannu da wani, wayar za ta ƙi sabuntawa har sai an goge tsohuwar manhajar, kuma gogewar kan tafi da fom ɗin da ba a kai ga turawa ba.

Idan an saki da kuskure

Ba a canza abin da ke ƙarƙashin lambar da ta riga ta fita. PyPI, rumbun da ake ɗora ƙunshin Python, ma ba ya yarda a sake ɗora fayil da sunan da aka taɓa amfani da shi. Hanyar ita ce a gyara, a fitar da 1.5.1, a sanar. Log4j, wata manhajar ajiye rahoton aiki, ta yi haka a Disamban 2021, inda 2.15.0, 2.16.0, 2.17.0 da 2.17.1 suka fita a cikin wata guda.

Wannan ƙa'ida ta fi nauyi a inda data ke da tsada. A kasuwar ƙauye, mutum kan miƙa wayarsa ga mai shagon caji ya tura masa manhaja ta Xender ko daga memori, kuma fayil ɗin da mai shagon ya sauke watanni da suka wuce shi zai ci gaba da rabawa. Idan fayil biyu mabambanta suna yawo da lamba ɗaya, wanda ke ƙoƙarin taimaka wa mai ƙorafi ta waya ba zai san wanne ke hannunsa ba. Don haka ana sa lambar siga a cikin sunan fayil ɗin, a kuma nuna ta a shafin bayanin manhajar inda za a iya karanto ta cikin sauƙi, sannan a faɗi a takardar sanarwa ko megabait nawa ne da mafi ƙarancin sigar Android da za ta ɗauka.